Riƙe bes gita a ƙungiyar kiɗa a Sakkwato: daga sayen kaya har tashi daga wasa

A bukukuwa da yawa da ake yi a Sakkwato yau, mutum ɗaya da fiyano ke yin aikin makaɗa biyar. Ganga tana cikin na'ura, bes, wato sautin nan mai kauri da ke riƙe gindin kiɗa, yana hannunsa na hagu. Duk wanda ya ɗauki bes gita a garin nan ya san da wannan: ba don an rasa madadinsa za a kira shi ba. Za a kira shi ne in zuwansa yana sa kiɗa ya zauna daram, kayansa kuma ba su ba da kunya a tsakiyar taro. Wuraren aikin suna nan, dinar biki, majami'u ranar Lahadi, bukukuwan ɗalibai, sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Wamakko, tarukan bariki. Amma ba su da yawa, makaɗan kuma duk sun san juna. Wanda amfilifayarsa ta mutu ana tsakar shigowar amarya, kafin gari ya waye labarinsa ya kai Mabera ya dawo Arkilla.

Gitar da za ka saya

Fara da mai tsirkiya huɗu. Ana saita su E, A, D, G, daga mafi kauri zuwa mafi siriri. Mai biyar tana ƙara B ta can ƙasa, tana da amfani a majami'a inda ake yawan rera waƙa a E♭ ko D, sai dai wuyanta ya fi faɗi kuma hana tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa yin gunji ya fi wuya. Ka bar ta sai hannunka ya nuna.

Tun da kamfanin Fender ya fito da Precision a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, akasarin gitocin da ke kasuwa bin sawun ɗayan biyun nan suke yi. Precision tana da murya ɗaya mai kauri wadda ke zama a ƙarƙashin kiɗa ba gardama. Jazz tana da fikof biyu, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta, da siririn wuya, ta fi sauƙin kamu ga mai ƙaramin hannu. Squier, Yamaha, Ibanez da Cort duk suna yin masu sauƙin kuɗi da za su yi maka shekaru. Yawanci daga Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas ake kawo su, sababbi da 'yan gwanjo. In da hali, je ka taɓa da hannunka. In kuma aiko maka za a yi, sa wani makaɗi da ka yarda da shi ya duba kafin a ɗora a mota.

Abin dubawa ga shi. Ɗaga gitar ka hango wuyan daga kai zuwa gindi, kada ka ga ya murɗe gefe ɗaya, don murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa da sauƙi. Kaɗa kowane firet, wato gabobin da ƙarafa suka raba a jikin wuya, a kowace tsirkiya, ka saurari inda sauti ke mutuwa ko yake zizar ƙarfe. Jona ta ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kan waya a cikin ramin jak. Sa'an nan ka tabbata sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake juyawa da makullin alan, tana juyawa. Gitar da wannan sanda ta ƙi motsi, ko kyauta aka ba ka, hunturu ɗaya za ta zama kayan ado.

Akwai masu batir, akwai marasa batir. A ganina mara batir ta fi dacewa da mai farawa, don abin lalacewa a cikinta kaɗan ne. In mai batir ce ta zo hannunka, batirin volt 9 take ci, kuma muddin waya na jone a jikinta tana shan batirin ko ba ka kaɗawa. Zare wayar duk sanda ka ajiye ta.

Hannu

Ɗora babban yatsan dama a kan fikof, ka riƙa jan tsirkiya da manuniya da na tsakiya bi da bi, yatsan ya wuce ya kwanta a kan tsirkiyar da ke samanta. Kada ka finciko. Ƙarfin sauti aikin amfilifaya ne, wanda ke finciko kuwa kafin awa biyu yatsunsa sun yi bororo. A hagu, danna dab da bayan ƙarfen firet, babban yatsa yana bayan wuya. A firet na farko-farko inda tazara ke da faɗi, yi amfani da manuniya da na tsakiya da ƙaramin yatsa, kada ka tilasta wa hannu miƙewa.

Haddace tsirkiyoyi biyu masu kauri kafin komai. A kan E, firet na 3 G ne, na 5 A, na 7 B, na 8 C. A kan A, na 3 C ne, na 5 D, na 7 E. Daga duk inda ka danna, in ka sauka tsirkiya ɗaya zuwa mafi siriri ka matsa firet biyu gaba ka sami sauti na biyar daga gare shi, in ka sauka tsirkiya biyu ka matsa firet biyu ka sami shi kansa da siririyar murya. Wannan siffa ba ta canzawa ko'ina a wuya, kuma da ita kaɗai za ka iya raka rabin waƙoƙin da ake yi a biki.

Makaɗan ƙasar nan da do-re-mi suke magana. Za ka ji mai fiyano ya ce "do, fa, so" ko "la, fa, do, so", ba zai tsaya faɗa maka sunan harafi ba. Koyi inda fa da so da la suke daga duk inda do ya faɗa, har ya zama hannunka na zuwa ba tare da ka duba ba. Ka sa metronom, manhajar da ke ƙirga bugu, a wayar hannu, ka fara a bugu 60 cikin minti, rabin awa kullum. Kaɗawa a hankali daidai ta fi kaɗawa da sauri wuya, kuma nan ne ake gane wanda ya yi aiki.

Abin da masu koyo ke mantawa shi ne kashe sauti. Inda ka tsayar da sauti yana da nauyi daidai da inda ka fara shi. Sassauta yatsan hagu ba tare da ka ɗaga shi daga tsirkiya ba, sautin zai yanke. Yi ta gwada gajere da dogo a kan layi ɗaya, za ka ji yadda rawar ke canzawa alhali ba ka sauya ko sauti ɗaya ba.

Kai da mai ganga, kai da mai fiyano

Idonka a kan ƙafar mai ganga. Babbar gangar da yake takawa ita ce abokiyar tafiyarka, inda ta sauka nan za ka sauka, sauran kuma ƙari ne. In za ku yi atisaye, ku ware minti ashirin ku biyu kawai, ba mawaƙi ba fiyano, ku riƙe zagaye ɗaya har ya daina karkata. In ya yi sauri kada ka bi shi, kada kuma ka ja da baya da gangan don ka nuna masa. Tsaya a inda bugun yake, ka kama idonsa, ka gyaɗa kai a kan bugun. Mai ganga nagari zai dawo.

Kiɗanmu da yawa a kan bugu shida yake tafiya, nauyi a kan na 1 da na 4. Amma a cikinsa akwai wata tafiyar mai nauyi a kan 1 da 3 da 5, kuma daɗin yana inda biyun ke gogayya. Zauna ka riƙa taka biyun da ƙafa kana tafa ukun da hannu har jikinka ya karɓa. Sa'an nan nemi tsofaffin faya-fayen kotso na Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da kalangun Ɗan'anace, ka saurari abin da makaɗan ke yi a bayan waƙar: ɗaya ya riƙe gindi ba ya motsi, wani yana yawo a sama. Wurinka shi ne na mai riƙe gindin. Matasa da yawa suna kwana kan bidiyon 'yan Kamaru irin su Richard Bona suna koyon gudu, abin sha'awa ne kuma akwai darasi a ciki, amma wanda ya iya ɗora layi mai sauti uku a kan kiɗan kalangu ya sa mata suka miƙe, shi za a sake nema.

In akwai mai kalangu a ƙungiyar, ka tuna gangarsa tana hawa tana sauka kamar murya. Ba shi fili. Sanda ya fara yi wa wani kirari da ganga, koma kan do ka zauna.

Mai fiyano kuwa, dole ku yi magana tun kafin ranar wasa, cikin girmamawa, musamman in ya girme ka a harkar. Ya saba cike ƙasa da hannun hagu, in kuka haɗu a wuri ɗaya sautin zai dagule, ba a jin ka ba a jin sa. Roƙe shi ya kashe bes ɗin na'urar, ya ɗaga hannun hagunsa sama kaɗan. Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Da yawansu a ki ɗaya suka iya kaɗawa, wato matakin murya ɗaya da do ke zaune a kai, sai su danna maɓallin da ke ɗaga ko sauke sautin fiyano gaba ɗaya. Zai ce maka yana C alhali abin da ke fita daga sifika E♭ ne. Kada ka dogara da yatsunsa ko bakinsa. Ce masa ya buga maka do, ka nemo shi da kunnenka a kan tsirkiyar E ko A, daga nan siffofin da ka haddace su ɗauke ka. Mawaƙi ma yakan ɗaga ki ana tsakiyar waƙa in taro ya yi zafi. Matsa hannunka firet ɗaya gaba ka ci gaba da abin da kake yi.

Amfilifaya da wuta

Ƙaramar amfilifaya mai wat 15 zuwa 30 ta ɗaki ce. In za ka tsaya kusa da mai ganga a fili, nemi wat 200 zuwa sama, da sifika ɗaya mai inci 15 ko huɗu masu inci 10. Kada ka jona bes a amfilifayar ƙaramar gita ka ƙure ta, sifikarta ba za ta jure ba. In kan amfilifayarka, wato ɓangaren mai maɓallai, daban yake da akwatin sifika, duba lambar om a bayansu, ita ke nuna ko sun dace da juna. Akwati biyu masu om 8 in an haɗa sun zama 4, yawancin kawuna suna ɗauka. Biyu masu om 4 sun zama 2, wannan kuwa yana ƙona da yawa daga cikinsu. Wayar gita da wayar sifika kamanninsu ɗaya a ido amma cikinsu daban, kada ka musanya. Wayar gitar kuma kada ta wuce mita 6, in ta fi haka tana kwasar ƙara tana rage hasken sauti.

Sayi ɗan akwatin da ake kira DI. Gita ta shiga cikinsa, waya ɗaya ta tafi miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta tura wa manyan sifiku, ɗaya ta dawo amfilifayarka. Da shi za ka iya yin wasa ko amfilifayar ta mutu, kuma yana da ɗan maɓallin da ke yanke gunjin nan mai "huuum" da ke tasowa in kayan sauti suna shan wuta daga wurare daban-daban.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe. Wutarmu volt 230 ce. Amfilifayar gwanjo da ta fito daga Amurka ta volt 120 ce, in ka soka ta kai tsaye hayaƙi za ka gani. Karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga tun a shago. In akwai maɓallin zaɓi, mayar da shi 230 ka manne shi da salatif. In babu, sai da taransifoma mai sauke wuta.

Kusan duk wasan da za ka yi a kan janareta ne, sau da yawa kuma janaretan da ke ɗauke da firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Duk sanda waɗannan suka tashi wuta takan yi ƙasa ta dawo da ƙarfi. Riƙe sitabilaiza taka ta kanka. In ka ji injin ya fara tari, ko an ce za a juya layi, sauke ƙara ka kashe amfilifaya, kada ka kunna sai wutar ta zauna. Ƙa'idar kullum: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Tsirkiyoyin gitarka a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta cikin waya. In wutar wurin ba ta da layin ƙasa, ko wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi don ta shiga soket, wuta na iya bin tsirkiya. Ka riƙe gita, leɓenka ya taɓa makirufo, ta ratsa ka. Mutane sun mutu ta wannan hanya a kan dandamali. Ajiye ɗan sukudireban gwajin wuta a jaka, ka taɓa tsirkiya da kan makirufo da shi kafin ka fara. In ya kama, ko ka ji tsirkiya na ɗan cizon hannu, kada ka yi wasa sai mai gyaran wuta ya duba, ko wa zai ɓata rai. Kada ka kaɗa ba takalmi, balle da damina a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Zafi da ƙura

Wuyan gita itace ne, yana yin abin da ƙofar katako ke yi: ta kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, ta tsuke da hunturu. Saboda haka sau biyu a shekara, in iska ta juya, duba shi. Danna tsirkiyar E a firet na 1 da kuma na ƙarshe lokaci ɗaya, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Kaurin katin gayyatar biki ya isa, wajen milimita 0.3. In ta fi haka sosai, tsirkiya ta yi nisa tana gajiyar da hannu, juya sandar wuya zuwa dama. In babu tazara sam kuma sauti na ziza, juya hagu. Rubu'in juyi kawai, ka sake saita tsirkiya, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In ta yi tauri, tsaya, kai wa wanda ya sani.

Da hunturu bakin ƙarafunan firet kan fito su riƙa yankar hannu saboda itacen ya tsuke. In fuskar wuyan baƙin itace ne mara fenti, shafa masa ɗigon man da ake sayarwa don haka, ka goge. In mai sheƙi ne, tsumma kawai.

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40. Kada ka bar gita a but ɗin mota ko jingine a rana kana jiran a buɗe zaure. In kan kabu-kabu za ka, goya ta a jaka mai soso, ka lura da kanta da ke sama da naka. Gumi yana kashe tsirkiya da wuri, don haka goge su sama da ƙasa bayan kowane wasa. In sun dushe ba kuɗin sababbi, tafasa su a ruwa kamar minti goma, ka shanya su bushe sarai, za su ɗan farfaɗo na wani lokaci. Amfilifaya kuma a rufe ta da zane in ba a aiki, a buɗe ta sarai in ana aiki, a riƙa hure ƙurar da ke toshe fankarta.

Ranar wasa

Maganar kuɗi a gama ta tun kafin ranar: nawa ne, nawa ne kafin alƙalami, wa zai biya kuɗin ɗauko kaya, yadda za a raba liƙi. Kunyar tambaya a farko ita ke kawo rigima a ƙarshe.

A jakarka a sami waya ta biyu, batir, tsirkiyoyin ajiya ko tsofaffi ne, na'urar saita tsirkiya, makullin alan, doguwar wayar wuta, tocila, tsumma, ruwan sha, da abin toshe kunne. Kusa da farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa za ka tsaya awa uku ko huɗu, kunnen da ya lalace kuma ba ya dawowa.

Isa da wuri, ka bar gitar ta sha iskar wurin kafin ka saita ta, musamman in daga zafi ka shiga zaure mai sanyi. Ku tsara gwajin sauti yadda ba zai faɗa kan kiran salla ba. In Magariba ta gabato a sauke komai.

Wajen saita murya, fara da duk maɓallan a tsakiya. Sautin E na ƙasa yana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya haura mita 8, shi ya sa a zaure mai tayil da siminti yake taruwa a kusurwa ya yi ta gunji, a wani wurin kuma ya ɓace. In ba ka jin kanka, hannu zai so ya ƙara maɓallin sautin ƙasa. Kada ka biye masa. Rage ƙasan kaɗan, ka ƙara tsakiya, wajen kaɗawa 700 zuwa 800 a daƙiƙa, nan ne kunne ke gane sautin da kake kaɗawa. Janye amfilifaya daga kusurwa, ka ɗora ta a kan kujera ta fuskanci kunnenka. A fili ƙarƙashin rumfa kuwa babu bangon da zai dawo da sauti, sai ka bar manyan sifikun taro su ɗauki nauyin ta hanyar DI, taka ta zama ta jin kanka kawai. Mai kula da miksa abokin aikinka ne, gaishe shi da kyau tun da farko. "Malam, don Allah ƙara man bes kaɗan cikin wagga sifika" ta fi ɗaga masa hannu daga nesa aiki.

In an fara, tsaya gefen mai ganga inda kake ganin ƙafarsa da bayan mawaƙi. Ku yi yarjejeniyar alamu: dunƙulen hannu a tsaya, yatsa sama a ɗaga ki, juya yatsa a maimaita. Saita tsirkiya tsakanin waƙoƙi da ƙara a kashe.

Lokacin liƙi shi ne jarrabawarka. Mawaƙi zai tsaya kan uwar amarya ko wani alhaji, ya yi ta jero kakanni, zagaye ɗaya na iya kai minti goma sha biyar. Hannunka zai gaji, zuciyarka za ta ce ka yi ɗan ado. Riƙe layin yadda yake. Sauke ƙarfi in yana ambaton suna don a ji sunan, ka dawo da nauyi in 'yan amshi sun karɓa. In za ka canza wani abu, canza tsawon sauti, ko ka yi shiru zagaye ɗaya kai da mai fiyano ku bar ganga ita kaɗai, sa'an nan ku faɗo tare a kan bugun farko. In ka ɓata, koma kan do a bugu na gaba, fuskarka kada ta nuna. In tsirkiya ta tsinke, gama waƙar a kan sauran, abin da haddar wuya ta tanadar maka ke nan.

Da an tashi, sauke ƙara, kashe amfilifaya, zare fulogi kafin a kashe janareta. Naɗe wayoyinka da kanka, a zagaye ba a gwiwar hannu ba, ka ƙirga su, don a hayaniyar kwashe kaya ne waya da DI ke shiga jakar wani. Ka sa wa naka alama da jan salatif tun a gida. Goge tsirkiya, rufe jaka, sa'an nan ka je wurin shugaban ƙungiya a yi rabo kafin kowa ya hau babur.